BABI NA UKU: JAMES BARNOR DA KARATUN HOTO A KWALEJIN MEDWAY

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi tsokaci ne a kan tarihin karatun wani mai ɗaukar hoto mutumin ƙasar Gana, wato James Barnor, tun daga lokacin da yake yaron shago a birnin Akara har zuwa zamansa na ɗalibi a Kwalejin Zane-zane ta Medway da ke ƙasar Ingila, da kuma abin da ya biyo bayan wannan karatu. An zaɓi tarihinsa ne saboda yana cikin 'yan ƙalilan daga masu hoton Afirka ta Yamma na zamaninsa da suka bi hanyoyin koyo guda biyu, wato ta gargajiya a hannun ubangida da kuma ta boko a cikin aji. Saboda haka rayuwarsa ta ba da damar a auna abin da kowace hanya take bayarwa da kuma inda take gazawa. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, Barnor ya shiga kwaleji ne da gwanintarsa a hannu, ita kuwa kwalejin abin da ta ƙara masa shi ne ilimin awo da lissafi, wanda hoto mai kala ba ya yiwuwa sai da shi. Wannan ilimi da ya kai gida ya sauya fasalin sana'ar ta hanyar da ba duka masu ita ne suka ji daɗinta ba.

3.1 Koyon Hoto a Hannun Ubangida

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris cikin shekarar 1839, kuma ba ta daɗe ba ta iso gaɓar tekun Afirka ta Yamma ta hanyar jiragen ruwa. Alal misali, Augustus Washington, wani baƙar fata daga Amurka, ya koma Laberiya da kayan hotonsa a shekarar 1853. A Akara kuwa, birnin da fataken Hausawa ke kira Ankara, iyalin Lutterodt sun riƙe sana'ar tun cikin shekarun 1870. A Nijeriya an yi Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, wanda ya ɗauki hoton Oba Ovonramwen na Benin bayan Turawa sun ci birninsa a 1897. A wannan zamani, da ma shekaru masu yawa bayansa, sana'ar tana tafiya ne daga hannu zuwa hannu, kamar yadda ɗinki da ƙira da jima suke tafiya a ƙasar Hausa. Yaro yakan zauna a shagon ubangidansa yana shara, yana ɗebo ruwa, yana ɗaukar kaya, yana kallo, har ranar da za a yarda ya taɓa kyamara.

An haifi James Barnor a Akara ranar 6 ga watan Yuni, 1929, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Ingila da sunan Gwalkwas. A danginsa akwai masu sana'ar hoto da dama. Yana ɗan shekara 17 yana koyar da saƙar kwando a wata makarantar mishan, sai shugaban makarantar ya ba shi wata 'yar ƙaramar kyamara ƙirar Kodak Brownie. A shekarar 1947 ya shiga koyon sana'a na shekara biyu a wurin ɗan'uwansa J. P. Dodoo, wanda ya yi suna wajen ɗaukar hoton mutane a shago.

Ya kamata a ɗan tsaya a nan a bayyana abin da yaron shago yake koya, domin sai da shi za a gane abin da kwaleji ta tarar a hannun Barnor. Aikin ɗakin duhu, wato ɗakin wankin hoto, ya dogara ne a kan wata ɗabi'a ta gishirin azurfa: yakan sauya idan haske ya taɓa shi. Fuskar fim da ta takardar hoto duk an shafe su da wannan gishiri. Idan aka buɗe idon kyamara, haske yakan bar sura a jikin fim, amma surar da ido ba ya iya gani. Sai an tsoma fim ɗin a ruwan magani na farko sannan wuraren da haske ya taɓa su yi baƙi, sura ta fito. Daga nan a tsoma shi a ruwa mai ɗan tsami domin a tsayar da aikin maganin farko. Sai kuma magani na uku, wanda masu sana'ar ke kira haifo, shi ne ke narkar da ragowar gishirin da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da yin baƙi idan an fito da shi sarari. Wani masanin kimiyya Bature, John Herschel, shi ya gano wannan aiki na haifo tun a shekarar 1819. A ƙarshe a ɗauraye da ruwa mai yawa, a shanya. Abin da ke fitowa shi ne dodon hoto, inda fari ya koma baƙi, baƙi kuma ya koma fari. Da wannan dodo ake buga hoto a kan takarda, ita ma takardar ta bi ta cikin waɗancan magunguna uku. Takardar hoto baƙi-da-fari ba ta jin jan haske, shi ya sa ake kunna jar fitila a ɗakin, mai aiki yana ganin hannunsa, yana kuma ganin fuskar mutum tana fitowa a hankali a cikin faranti. Da idonsa yake yanke hukuncin cewa ta isa a tsame.

Wannan batu na ido shi ne ginshiƙin koyon gargajiya. Ubangida ba ya cewa minti kaza ko digiri kaza, sai dai ya ce ya yi ko bai yi ba, yaro kuma ya riƙa kwatantawa har idonsa ya saba. Bayan wanki, akwai aikin gyaran fuska. Masu shago na wancan zamani suna amfani da manyan kyamarori masu ƙafa uku da manyan dodanni, saboda haka ana iya ɗora dodon a gaban haske a bi fuskar da fensir mai tsini. Duk inda aka ƙara duhun fensir a jikin dodo, wurin yakan yi haske a jikin hoto, ta haka ake share tamoji da ƙuraje da tabo. Mai shagon da bai iya wannan ba, ba ya riƙe masu zuwa.

Da aka yaye shi, Barnor ya fara aikin kansa a unguwar Jamestown, yana rataya labule a waje kusa da ɗakin da yake haya, yana aiki da hasken rana. A shekarar 1953 ya buɗe shagonsa mai suna Ever Young, ma'ana mai ƙuruciya kullum. Ya samo sunan ne daga wani labari da ya karanta a makaranta na wata gunkiya mai raba tuffa da ke hana tsufa, sai dai kuma sunan ya dace da aikin fensirin da aka bayyana a sama. A shagon ne ya ɗauki hoton ɗaya daga cikin 'yan sanda mata na farko a ƙasar tana sara wa kyamara. Har ila yau, shi ne mai hoto na farko da jaridar Daily Graphic ta ɗauka aiki da aka kafa ta a 1950, ya kuma riƙa ba mujallar Drum hotuna, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 1951. Ya ɗauki hoton Kwame Nkrumah, da zakaran dambe Roy Ankrah, da mataimakin shugaban Amurka Richard Nixon lokacin da ya zo bikin samun mulkin kai a watan Maris na 1957. Wannan shi ne mutumin da ya sauka Ingila a watan Disamba na 1959 da niyyar zama ɗalibi, yana da shekara 30 a duniya, da fiye da shekara goma a cikin sana'a.

3.2 Dalilin Tafiya

Ana iya tambaya, me mutum mai shago da suna da masu zuwa yake nema a aji? Amsar tana cikin hoto mai kala. Kamfanin Kodak ya fito da fim ɗin Kodachrome a 1935, kamfanin Agfa na Jamus ya biyo baya da nasa a 1936, sannan Kodacolor ya fito a 1942. Zuwa ƙarshen shekarun 1950 mujallu da masu talla a Turai da Amurka sun karkata ga kala. A Akara kuwa, wanda ya ɗauki hoto da fim mai kala tilas ya aika da shi ƙasar waje a wanke, ya zauna jiran gidan waya. Babu ubangidan da zai koyar da abin da shi kansa bai taɓa yi ba. A nan ne hanyar gargajiya ta kai iyakarta, domin ita tana miƙa abin da aka gada ne, ba ta da ƙofar shigo da abin da ba a gada ba sai an fita an nemo.

Da isarsa, Barnor ya sami aiki a wani kamfanin wankin hoto mai kala mai suna Colour Processing Laboratories a garin Edenbridge da ke lardin Kent, yana kuma halartar ajin yamma. Daga baya ya sami tallafin karatu daga Hukumar Cinikin Koko ta Gana, wadda aka kafa a 1947, kwatankwacin hukumar da ke sayen gyada da auduga a tsohuwar Jihar Arewa. Da wannan tallafi ne ya shiga Kwalejin Medway a garin Rochester a farkon shekarun 1960 a matsayin cikakken ɗalibi. Wato ke nan, guminsu manoman koko ne ya biya kuɗin wannan karatu, kuma wannan abin lura ne, domin a wancan lokaci sabuwar ƙasa tana da buƙatar likitoci da injiniyoyi, amma duk da haka aka ga dacewar a kashe kuɗi a kan mai hoto.

3.3 Abin da Ake Koyarwa a Kwaleji

A Ingila ta wancan zamani ba a ɗauki hoto a matsayin fannin digiri ba. Kwasa-kwasan da kwalejojin zane-zane da na fasaha ke bayarwa na koyon sana'a ne, masu shirya ɗalibi don aiki a kamfanonin talla da masana'antu da jaridu, da kuma cin jarrabawa irin ta City and Guilds. Mafi yawan ɗaliban irin waɗannan kwalejoji matasa ne da ba su daɗe da barin sakandare ba. Saboda haka Barnor ya zauna ne a aji ɗaya da waɗanda ya girme wa nesa ba kusa ba, waɗanda suke koyon loda fim a kyamara, alhali shi ya riga ya ɗauki hoton shugaban ƙasa. Mai girman kai ba zai jure wannan zama ba.

Abu na farko da irin wannan kwas ke yi shi ne mayar da abin da ido ya sani zuwa lamba. Tun a shekarar 1890 wasu masana biyu a Ingila, Ferdinand Hurter da Vero Driffield, suka nuna cewa ana iya auna dangantakar da ke tsakanin yawan hasken da ya faɗa a kan fim da yawan baƙin da zai fito bayan wanki, har a zana ta a takarda. A kan wannan bincike ne aka gina koyarwar ɗakin duhu a makarantu. Ɗalibi yakan koyi cewa kowane mataki na buɗa idon kyamara yana ninka haske sau biyu, kowane mataki na tsuke shi kuma yana raba hasken biyu. Yakan koyi cewa maganin wankin baƙi-da-fari an tsara shi ne ya yi aiki a zafin digiri 20, idan ruwa ya fi haka zafi sai a rage lokaci, idan ya fi sanyi a ƙara. Yakan kuma koyi yanko siririyar takarda ya haska ta kashi-kashi, daƙiƙa biyu, huɗu, takwas, ya wanke, ya zaɓi wadda ta dace kafin ya taɓa babbar takarda. Wanda ya fito daga shago ya san sakamakon duk waɗannan a aikace. Bambancin shi ne, yanzu yana iya rubuta su, ya maimaita su gobe ba tare da kuskure ba, ya kuma miƙa wa wani wanda bai taɓa zama kusa da shi ba.

Abu na biyu shi ne hasken ɗakin ɗaukar hoto. Mai aiki da rana yana jiran abin da Allah ya kawo, iyakarsa ya juya mutum ko ya matsar da labule. A kwaleji kuwa ɗalibi ne yake gina haskensa da fitilu: babbar fitila mai fito da sura, da ƙarama mai rage duhun inuwa, da wata a baya mai raba mutum da bango. A nan ma lissafi ne ke aiki, domin idan aka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa fuskar mutum yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu, ba rabi ba. Haka kuma ana koyar da ɗaukar hoton kaya, kamar kwalba da gilashi da ƙarfe da yadi, saboda masu talla.

Abu na uku, wanda shi ne ya kai Barnor Ingila, shi ne kala. Fim mai kala hawa uku ne a kan juna, ɗaya yana jin shuɗin haske, ɗaya kore, ɗaya ja, kuma wajen wanki kowane hawa yakan fitar da rininsa. Takardar buga hoton ita ma haka take. Tun da tana jin kowane launi, jar fitilar nan da mai baƙi-da-fari ya dogara da ita ba ta da amfani, kusan a cikin duhu ƙirin ake aikin, da lalube da agogo. Wato ido, wanda shi ne jarin yaron shago, an rufe shi a daidai lokacin da ya saba amfani da shi. Bugu da ƙari, magungunan kala ba su da haƙuri. Tsarin wankin Kodak na wancan lokaci yana buƙatar zafin digiri 24, kuma kaucewar da ba ta kai digiri ɗaya ba tana iya sa hawa ɗaya ya riga sauran nuna, fuska ta fito kore-kore ko ja-ja. Wajen bugawa kuma ana sa matatan haske masu launi uku a gaban fitila, rawaya da ja mai ratsin shuɗi da shuɗi mai ratsin kore, kowanne da lambarsa. Idan hoton gwaji ya fito da rawaya fiye da kima, abin mamaki sai a ƙara matacin rawaya ne don a rage ta, domin komai a juye yake a jikin dodo. Daɗin daɗawa, shi kansa haske yana da launi: na rana ya karkata ga shuɗi, na ƙwan lantarki ya karkata ga ja, kuma kowanne da fim ɗin da aka yi dominsa. Idon ɗan'adam yana gyara wannan bambanci da kansa ba tare da mai shi ya sani ba, fim kuwa ba ya gyarawa. Duk wannan ba abin da za a koya da kallo ba ne, sai da ma'aunin zafi da littafin rubuta sakamako.

Sai dai kuma akwai abin da kwalejin ba ta da shi, shi kuwa ɗalibin yana da shi. Kamfanonin fim sun daidaita kayansu ne a kan farar fata. Tun cikin shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa gidajen wankin hoto wani katin gwaji mai hoton Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi ake saita injin. Idan fatarta ta fito daidai, sai a ce injin ya daidaita. Wata malama a ƙasar Kanada, Lorna Roth, ta yi nazarin wannan kati a shekarar 2009, inda ta nuna yadda ya sa hotunan baƙaƙen fata suka daɗe suna fitowa a dushe, fuska ta zama dunƙulen duhu sai idanu da haƙora. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton dattijo baƙi cikin farar babbar riga da tsakar rana ya san wannan matsala: idan aka bi riga, fuska ta ɓace, idan aka bi fuska, aikin wuyan riga ya ƙone. Barnor ya shafe shekaru yana warware wannan a Jamestown kafin ya ga ƙofar aji. Abin da ya yi a Ingila shi ne haɗa wannan sani da lissafin da aka koya masa, kuma shaidar tana cikin hotunansa na bangon mujallar Drum, inda fatar 'yan matan Afirka ta fito da sheƙinta da launinta a ƙarƙashin gajimaren Ingila.

Akwai kuma sanin mutane. Mai shago ya saba da wanda ya zo a tsorace, da amaryar da ke jin kunya, da tsohon da ya ƙi sakin fuska, kuma cinsa da shansa sun dogara ne a kan ya iya lallashinsu. Wannan ba ya cikin manhaja.

Da ya kammala kwas ɗin, kwalejin ta riƙe shi a matsayin ma'aikacin fasaha. Aikin mai wannan muƙami shi ne haɗa magunguna da kula da na'urori da taimaka wa ɗalibai a ɗakin duhu. A tsarin makaranta muƙamin yana ƙasa da na malami, amma a aikace shi ne wanda ɗalibi ke rugawa wurinsa idan fim ya lalace. Za a iya cewa a nan hanyoyin biyu suka sake haɗuwa, domin abin da ma'aikacin fasaha yake yi a ɗakin duhu bai da maraba da abin da ubangida yake yi a shago.

Zaman nasa ya zo ne a lokaci mai wuya ga baƙi. An yi tarzomar wariyar launi a unguwar Notting Hill ta Landan a 1958, a 1962 kuma aka kafa dokar taƙaita shigowar mutanen ƙasashen rainon Ingila. Duk da haka hotunansa na waɗannan shekaru sun fi nuna bukukuwan aure da zumunci da kwalliya. Ya ɗauki Muhammad Ali yana atisaye a 1966 kafin dambensa da Brian London, a 1967 kuma ya ɗauki Mike Eghan, ma'aikacin sashen Afirka na BBC, yana saukowa daga matakala a dandalin Piccadilly da hannuwa a buɗe.

3.4 Abin da Aka Kai Gida

A shekarar 1969 Barnor ya sami horo a kamfanin Agfa-Gevaert a ƙasashen Beljiyam da Jamus, daga nan ya koma Akara ya kafa gidan wankin hoto mai kala na farko a Gana, a ƙarƙashin kamfanin Sick-Hagemeyer mai wakiltar Agfa. A nan ne karatun ya fuskanci jarrabawarsa ta gaskiya. An tsara magungunan kala na wancan zamani a kan zafin digiri 20 zuwa 24, zafin Akara da rana kuwa ya fi haka kusan duk shekara. A Ingila ɗumama ruwa ake yi, a nan sai an sanyaya shi. Ga laimar teku mai sa fim da gilashin kyamara fumfuna, ga magani da takarda da sai an yo odarsu daga Turai, masu saurin lalacewa a cikin zafi. Wanda ya haddace matakai kawai zai tsaya cik a nan. Wanda ya san dalilin kowane mataki shi ne zai iya gyarawa. Ɗaya daga cikin sanannun hotunansa na wannan lokaci shi ne na wata ma'aikaciyar kamfanin tana riƙe da robobi masu launi daban-daban a ƙofar shago, hoton da ya nuna launukan roba da na atamfa da na fatar mutum gaba ɗaya, kowanne a mazauninsa. A 1973 ya buɗe sabon shagonsa mai suna Studio X23, daga baya ya yi wa ofishin jakadancin Amurka aiki, ya kuma yi wa gwamnatin Jerry Rawlings.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. A zamanin baƙi-da-fari, mai shago shi ne mai ɗauka, shi ne mai wanki, shi ne mai gyara, kuma sirrin ɗakin duhu shi ne katangar da ta kare shi daga masu kutse. Kala ta rushe wannan katanga, domin kayan wankinta sun fi ƙarfin aljihun mai shago ɗaya, tilas kowa ya kai fim ɗinsa gidan wanki. A 1972 Kodak ya fito da sabon tsari mai aiki a zafin kusan digiri 38, wanda ya fi sauri, kuma cikin shekarun 1980 ƙananan injinan wanki masu sarrafa kansu suka bazu a biranen Afirka ta Yamma. Daga nan duk wanda ya mallaki 'yar kyamara yana iya zuwa gidan biki ya ɗauka, ya ruga gidan wanki, ya dawo ya sayar kafin taro ya watse, ba tare da ya taɓa yin shara a shagon kowa ba. Tsofaffin masu shago da dama sun rasa kasuwa, fensirin gyaran fuska ya rasa wurin aiki a kan ƙaramin fim, yaran shago kuma suka daina ganin dalilin zaman shekaru. Ba za a ɗora wa Barnor alhakin wannan ba, domin da shi da babu shi injinan za su zo. Amma gaskiya ne cewa ilimin da ya tafi nema don ya ɗaukaka sana'ar yana cikin abubuwan da suka fitar da ɗakin duhu daga hannun masu ita.

Shi kansa bai tsira ba. Tattalin arzikin Gana ya tabarbare cikin shekarun 1970 da farkon 1980, kayan da ake shigowa da su suka yi wuya. A watan Janairu na 1980 farashin azurfa a kasuwar duniya ya kai kusan dala 50 kowane oza, abin da ya ɗaga kuɗin fim da takarda a ko'ina. A shekarar 1994 Barnor ya koma Landan yana da shekara 65, inda ya yi aikin shara da goge-goge, ba wanda ya san shi.

Abin da ya fitar da shi shi ne dodannin hotunansa, waɗanda ya adana tun daga zamanin Jamestown. Fim ɗin da ba a ba shi haifo yadda ya kamata ba, ko ba a ɗauraye shi sosai ba, yakan yi rawaya ya dushe cikin 'yan shekaru, nasa kuwa sun kai ga a sake buga su bayan rabin ƙarni. A 2007, shekarar da Gana ta cika 50 da samun mulkin kai, Nana Oforiatta Ayim ta shirya nunin hotunansa a cibiyar Black Cultural Archives da ke Landan. Ƙungiyar Autograph ta yi babban nuni mai suna Ever Young a 2010, gidan nuni na Serpentine ya yi nasa a 2021, lokacin yana da shekara 92. A 2024 aka yi bikin cikarsa shekara 95 a Gana. Ita kuwa Kwalejin Medway, an haɗe ta da wasu kwalejoji biyu na lardin Kent a 1987, daga bisani ta zama reshe na wata jami'ar fasahar zane-zane, kuma an rufe reshen na Rochester a shekarar 2023.